Mutumin da ya auna abin da Inna take ji

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin fangali ina juya wa tumatir ruwa.

Waya ta yi ƙara a aljihu, na goge hannu a riga na duba, sai na ga sunansa. Na ɗauka da dariyata, na ce, "Ranka ya daɗe Bazazzagi, yau an tuna da iyayen gida ke nan?"

Sai na ji wata murya daban. Babban ɗansa ne. Ya ce Baba ya rasu jiya da rana a asibiti, an kai shi bayan la'asar, yanzu yana bin lambobin da ke cikin wayar ne yana sanar da mutane ɗaya bayan ɗaya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ruwa ya cika fangalin ya tsallaka gonar maƙwabcina, ban sani ba sai da ya yi mini magana.

Injiniya Dalhatu ya riga mu gidan gaskiya.

Na san da yawanku da ke bi na a nan ba ku san shi ba. Ba ɗan garinmu ba ne, mutumin Zariya ne, aiki ya kawo shi. Aikinsa awon ƙara da girgizar injina. Ni ma kafin na haɗu da shi ban san akwai mai cin abinci da wannan sana'a ba. Bari in ba ku labarin abin da ya yi wa gidanmu, ko zuciyata ta ɗan sauka.

Shekara biyu ke nan da wani kamfani ya kafa injinan iska guda uku a bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Gwaji ne, in ji su, don su ba da wutar da za ta riƙa ɗaga ruwa zuwa gonakin tudu da kanal ba ya kaiwa. Mu fanka muke ce musu. Mun yi murna, gaskiya, don har gonata ta sami ruwa. Wadda ta fi kusa da mu, daga katangar bayan gidanmu jifa biyu ce.

Ba a yi wata biyu ba mahaifiyata, Inna, ta fara cewa gadonta yana rawa.

Ta ce ba ƙara ba ce irin wadda kunne ke ji. Kamar ana daka ne a gida na uku, abin yana shigo mata ta baya ya zauna a ƙirji. Barci ya ƙaurace mata, ƙailular da ta saba bayan azahar ma ta gagara. Ta rame, idonta ya zurma.

Mu kuwa sai mu shiga ɗakin mu zauna mu kasa kunne, ba ma jin komai sai kukan injinan ban-ruwa daga bakin kanal.

Mai unguwa ya kai ƙorafi, kamfani ya turo samari biyu da na'ura. Suka iso ƙofar gida, suka ga BA SHIGA a rubuce a bangon zaure, suka tsaya a nan. Ɗaya ya ɗaga na'urar sama kamar mai neman sabis, ɗaya yana rubutu. Ba su kai minti goma ba suka tafi. Sakamako ya dawo cewa ƙarar fankar ba ta ma kai ta injinan ban-ruwa ba.

Ba ƙarya suka yi ba. Zaure suka auna. Ɗakin Inna kuwa yana can ƙurya, jikin katangar baya, kuma babu wanda ya ce musu su shiga, su ma ba su tambaya ba.

Daga ranar magana ta canja. Tunda inji ya ce babu, to babu. Aka fara raɗa a gidan suna da gidan biki cewa tsufa ya soma taɓa Inna. Babban wana, Yaya Musa, da ke kasuwanci a Kumbotso, ya ce zai zo ya ɗauke ta ta koma gidansa, a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ba da mugun nufi ba. Tausayinta yake ji.

Tausayin ne ma ya fi yi mata ciwo. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a ciki ta haife mu, a ciki mahaifinmu ya cika, kuma in aka fitar da ita da sunan ta zare, ko ta dawo ba wanda zai sake ɗaukar maganarta da nauyi. Ko jikokinta.

Ni dai akwai abin da na lura da shi. Inna tana da jeren kwanuka a jikin bango, tun na aurenta. Murfin wata tasa da ke can sama yakan yi wani ɗan ƙir-ƙir, a hankali, sai ka yi shiru sosai za ka ji. Na yi makonni ina bibiyarsa. Ba kullum yake yi ba. Sai iska ta taso daga gabas, fankar kusa da mu tana gudu sosai, sannan zai fara. Na faɗa a zaure, aka yi mini dariya, aka ce ɗan Inna shi ma ya kamu.

A aji huɗu na firamare na tsaya. Wa zai ɗauki murfin tasa ya ajiye takardar kamfani?

Ana cikin haka Injiniya ya zo. Ba ma don mu aka turo shi ba, kamfani ne yake son ƙara fankoki, sai aka ce a fara auna waɗanda ke akwai. Na same shi a gindin fankar da safe, ya kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku, a kansa na'ura mai baƙin soso a baki, gefe kuma wata mai 'yan kofuna suna juyawa da iska. Dattijo ne siriri, gemunsa ya yi fari, tabarau a kan hanci. Na tsaya nesa ina kallo, na daɗe.

Can ya ɗago ya ce, "Bakano, kallon nan na kuɗi ne fa. Ko da yake na san ba za ka biya ba."

Daga jin bakinsa na gane daga inda ya fito, na ce ai bawa ba ya karɓar kuɗi a hannun ubangidansa. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Wannan dariyar ce ta ba ni ƙarfin gaya masa maganar Inna, har da murfin tasa.

Bai yi dariya ba a nan.

Ya tambaye ni ta wane gefe iskar ke zuwa in abin ya tashi. Ya tambayi irin gadon, na katako ne ko na ƙarfe. Ya tambayi ƙafafun gadon a kan me suke, siminti ko ƙasa. Tun da aka fara maganar nan, wata bakwai, babu mahaluƙin da ya tambayi ƙafar gadon Inna.

Ya ce mini akwai ƙarar da ke bin iska ta shiga kunne, akwai kuma wadda ke bin ƙasa ta shiga jiki, kuma kowacce da na'urarta. Samarin farko ta kunne kaɗai suka kawo.

Muka je wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne mai gida yanzu, neman izinin Injiniya ya shiga ɗakin Inna ya auna. Baffa ya ce akwai matan 'ya'yansa a ciki, kuma tun zamanin kakanmu baƙon namiji bai taɓa wuce zauren nan ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Raina ya ɓaci. Na zaci Injiniya zai yi musu, ko ya naɗe kayansa.

Sai ya ce, "Gidansa ne, da gaskiyarsa. In ni ba zan shiga ba, ai kai ɗan gida ne, Malam Habu."

Ranar ce farkon da wani ya sa mini Malam a gaban suna.

A daɓen zaure ya koya mini. Wani ɗan ƙarfe ne kamar kwalin ashana, da waya a jikinsa zuwa akwatin da ke nuna lamba. Ya ce a kan siminti tsirara ake manna shi, ba a kan tabarma ba. In ka manna, ka ja baya ka zauna, kada ka yi ta kai da kawo. Ka dubi agogo, ka rubuta lokaci, ka rubuta lamba. Yakan buga ƙafa a ƙasa in ga lambar ta yi tsalle, ya ce to ka gani, ba ta san kunya ba, ko Baffa ne ya taka za ta faɗa.

Rubutuna a karkace yake, kuma ina da nawa. Sau ɗaya bai karɓi biro daga hannuna ba. Sai ya jira.

Muka shirya tsaf, sai iska ta ƙi zuwa.

Yaya Musa ya riga ya aiko cewa ranar Asabar zai zo da mota. Laraba fankoki suka wuni tsaye. Alhamis haka. Injiniya ya gama aikin da ya kawo shi tun Talata, amma kullum sai ya taso daga masaukinsa a Kura ya zo ya zauna a zaurenmu. Da zaman ya ishe shi sai ya bi ni gona, ya naɗe wando ya ce zai taya ni dashen albasa. Layinsa kamar tafiyar maciji. Manoman da ke wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa a zo a ga noman Zage-zagi, shi kuma yana rama wa kowa.

Inna takan aiko masa da dambu, ta ce in gaya wa bawan nan ya ci ya ƙoshi ya yi mata aikinta. Shi kuma ya sude kwano tas, ya ce in koma in ce mata mai ya yi kaɗan, rowar Kanawa har cikin tukunya. Ni ne ɗan aike tsakaninsu. A kwanakin nan ne na sake jin dariyar Inna bayan watanni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na dubi sama na ga ko ganye ba ya motsi. Na ce masa, tunda ni kaɗai ne a ɗakin, me zai hana in rubuta manyan lambobi kawai, mu nuna wa Yaya Musa?

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Malam Habu, in ka rubuta abin da ba ka gani ba, kai ma ka yarda ke nan ba ta da gaskiya. Ni na yarda da ita. Mu jira."

Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Bai sake tayar da maganar ba, har ya bar duniya.

Asabar da hantsi Yaya Musa ya iso. Matan gida sun riga sun haɗa wa Inna jaka, aka fito da ita aka sa a bayan mota. Inna tana zaune a bakin gado, ta yafa mayafi. Ina tsaye a tsakar gida sai na ga ganyen dalbejiya ya fara kaɗawa. Daga gabas.

Injiniya ya roƙi Yaya Musa awa ɗaya. Yaya ya ce, cikin ladabi, ai an riga an auna, Injiniya.

Ya ce, "An auna zaure, Alhaji. Zaure kuwa lafiyarsa ƙalau, ba shi za ka kai asibiti ba."

Yaya ya zauna.

Ga yadda ya tsara. Inna za ta kwanta a gadonta, a saki labule, ba ta ganin waje. Ni zan manna ƙarfen a gindin gado, in riƙa rubuta lamba, kuma duk sanda Inna ta ce wani abu in rubuta lokacin. Shi kuma daga zaure zai riƙa kiran mai kula da fankoki a waya, ya sa a tsayar ko a saki a lokacin da ya ga dama, Yaya Musa ya rubuta lokacin da hannunsa. Ranar ruwan ɓangarenmu ce, injinan ban-ruwa na ta kuka a bakin kanal, don haka ko mai kunnen zomo ba zai gane da kunne ba ko fanka na gudu.

Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Murfin tasa ya fara ƙir-ƙir ɗinsa. Lamba ta hau.

Can Inna, idonta a rufe, ta ce, "Sun tsayar."

Na dubi akwati, lamba na sauka. Na rubuta.

Bayan ɗan lokaci ta ce sun sake ta. Na rubuta. Haka muka yi ta yi, har sau biyar. Akwai wani tsakani da ya yi tsawo, ta buɗe ido ta ce in je in gaya wa Bazazzagin nan ya daina wasa da ita, ba su taɓa komai ba. Ashe a lokacin fankar can nesa ya sa aka tsayar, don ya gwada ta.

Na fito zaure da takardata. Injiniya bai ko duba ba, ya ce in miƙa wa Yaya. Yaya Musa ya ɗora tawa kusa da tasa a kan gwiwa, yana bi da yatsa layi-layi. Baffa ya leƙo ta kafaɗarsa.

Yaya ya tashi ya fita waje. Na ji ƙarar buɗe bayan mota. Ya dawo da jakar a hannunsa, ya wuce mu ya shiga cikin gida. Daga inda nake na jiyo shi a ƙofar ɗakinta yana cewa, "Inna, ki yafe mini."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana naɗe wayoyinsa, kamar bai ji ba.

Daga baya ya gano cewa ɗaya daga fukafukan fankar bai daidaita da sauran ba, gindinta kuma a kan marmara aka zuba shi, marmarar da ta bi ta ƙarƙashin katanga har ɗakin Inna. Gadon ƙarfe a kan siminti, sai ya riƙa ɗauko abin yana kai mata baya. Kafin a zo gyara, ya sa na samo tsohuwar taya, ya yanka gida huɗu da hannunsa, ya ce in sa a ƙarƙashin ƙafafun gado. Ya rubuta rahoto, kamfani kuma, a faɗi gaskiya, suka zo suka gyara.

A cikin rahoton ya sa sunana, cewa ni na ɗauki awon cikin ɗaki. Ya buɗe mini shafin ya nuna mini da yatsa. Turanci ne, sunan kaɗai na iya karantawa.

Tun daga nan bai yar da mu ba. Duk wata sai ya kira, kuma kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi barcin Inna. Shi ya matsa mini na shiga ajin manya na yamma. In na yi ƙorafin gajiya ya ce wanda ya yi makonni yana gadin murfin tasa ba zai ce masa ba shi da haƙurin karatu ba. Ya yi mini alkawarin zai kai ni wajen Katsina in ga manyan fankoki, waɗanda namu 'ya'yansu ne, in riƙe masa na'ura.

Ganinmu na ƙarshe mako biyar ke nan. Ya zo sake awo, ya tabbatar gyaran ya zauna. Na ga ya zube, hula ta yi masa yawa. Ya ce gyambon ciki ne, ba wani abu ba. Dambun da Inna ta aiko, loma uku ya yi ya rufe kwano.

Na shiga na auna, iska na kaɗawa sosai, lamba tana kwance abinta.

Ranar ce Inna ta yafa mayafi ta fito zaure da kanta. Fiye da shekara suna aika wa juna baƙar magana ta bakina, ba su taɓa ganin juna ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce ashe duk surutun nan ɗan mutum ne haka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa sai ta daina wasa, ta ce masa ba shi da lafiya, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya je a duba shi da kyau. Ya ce to, Inna, an ji.

Na raka shi mota ina ɗauke da akwatinsa. Ya shiga ya zauna, ya sauke gilashi, ya ce, "Malam Habu, in mutum ya ce maka yana jin abu, kai ba ka ji, kada ka yi saurin cewa babu. Ka tambaye shi a ina yake kwanciya." Sannan ya ce in na kwashe tumatir in kira shi, mu sa ranar Katsina.

Na tsaya har motar ta hau kwalta.

Ban kira shi ba tun ranar. Kullum ina cewa gobe, in bari sai na sami labari mai daɗi, in na ci jarrabawar aji in faɗa masa gaba ɗaya. Jarrabawar sati mai zuwa ce. Na ga ramarsa da idona, na ji abin da Inna ta ce masa, amma ban ɗaga waya na tambaye shi ko ya je asibitin ba. Wannan shi ke cin raina tun safe.

Ina son in sake jin ya ce Bakano.

Da na dawo daga gona na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na tsuguna na gaya mata. Ta ajiye faifan a hankali. Sannan ta tambaya ko an riga an kai shi, na ce tun jiya. Ta ce in nemo mana mota, gobe da sassafe za mu Zariya.

Inna ta yi shekaru ba ta wuce kasuwar Kura ba, ga ciwon gwiwa. Na ce ta bari ni da Yaya Musa mu je a madadinta.

Ta ce, "'Ya'yansa sun san shi uba ne. Ba su san abin da ya yi mini ba, kuma ba a bakin ɗan aike za su ji ba."

Don haka gobe in Allah Ya kai mu muna hanya.

Ya Allah, ga bawanka Dalhatu ya zo gare Ka. Ya tsaya wa tsohuwar da bai sani ba a lokacin da 'ya'yan cikinta suka yi shakkarta, Ka tsaya masa a ranar da ba shi da kowa sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka shirya masa zuriya, Ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi.

'Yan'uwa, duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce haka. Ko ba ka san shi ba, ka ambaci sunansa a sujadarka ta yau, ka roƙa masa rahama. Ku sa mu ma a addu'a, Allah Ya kai mu Zariya lafiya.